Waya a Aljihu, Jaka a Baya: Hanyoyin Neman Kuɗi a Kan Hanya Daga Birnin Kebbi

Duk wanda ya yi sammako ya je tashar mota a Birnin Kebbi zai tarar da 'yan kamasho suna ta kiran Argungu, Jega, Sakkwato da Kamba. Idan ya leƙa cikin motocin da ke jiran cika, da wuya ya ga matashin da ba ya riƙe da waya. Wani yana kallon bidiyo, wani yana hira a WhatsApp, wani kuwa hoton buhunan albasa yake tura wa ɗan kasuwa a kudu yana jiran shigowar alat. Mota ɗaya suka hau, data iri ɗaya suke ƙonawa, amma na ukun ne kaɗai tafiyarsa za ta biya kanta.

A 'yan shekarun nan shafukan sada zumunta sun cika da hotunan Turawa zaune a bakin teku da kwamfuta a cinya, suna cewa aikinsu yana bin su duk inda suka sa gaba. Har wasu ƙasashe sun fito da biza ta musamman saboda irin waɗannan ma'aikata: Estoniya ta fara a 2020, Fotugal da Namibiya suka biyo baya a 2022. Matashin da ke zaune a Badariya ko Gesse yana kallon waɗannan hotuna dole ya tambayi kansa ko shi ma zai iya.

Zai iya, sai dai ba irin ta hoton ba. A nan tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka. A watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya fito babu shiri, cikin mako biyu jarinsa zai ƙare a kuɗin mota da abincin tasha, ya dawo gida da bashi.

Sana'ar kan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kabi

Tun kafin a san waya, mutanen wannan yanki a kan hanya suke neman abinci. A ƙarni na 19 Jega na cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja ɗauko goro yakan ratsa ta wannan ɓangare, ya ƙetare Kwara, ya bi ta ƙasar Bargu har Salga a Gana ta yau. Tafiya ce ta watanni. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Sarkawa kuma suna bin kogi da jiragensu duk inda kifi ya yi. Bayan girbi samari sukan fita cin rani, su dawo da ɗan abin da suka samu kafin faɗuwar damina.

Abu uku ne suka riƙe fatauci. Na farko haja da take da araha a nan, take da daraja a can. Na biyu mai masauki amintacce a kowane zango, wanda zai ajiye kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya wa baƙo idan rigima ta taso. Na uku labarin hanya: ina ne lafiya, ina ne ba a bi. Wayar zamani ba ta kawar da ko ɗaya daga cikinsu ba, ta dai sauƙaƙa samun su. Duk sana'ar da za a ambata a ƙasa, da wannan ma'auni ya kamata a gwada ta.

1. Dillanci ta waya

Wannan ce hanyar da ta fi dacewa da Kebbi, domin jihar tana da abin da wasu wurare ke nema. Aliero ta yi suna da albasa. Fadamar Argungu, Augie, Suru da Birnin Kebbi tana fitar da shinkafa damina da rani. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamban 2015, ga kamfanin Labana a cikin gari, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Yawuri da Argungu kuma suna da banda da busasshen kifi.

Mai saye a Legas, Ibadan ko Abuja ba kullum zai iya zuwa da kansa ba. Abin da yake buƙata shi ne ido a cikin kasuwa. Matashi zai je ranar kasuwa, ya ɗauki gajeren bidiyon kayan, ya nuna girman albasar da bushewarta, ya faɗi farashin ranar. Idan an daidaita, mai saye ya turo kuɗi, shi kuma ya tsaya a auna, a ɗinke buhu, a ɗora a mota, ya tura lambar motar da ta direba. La'adarsa a kan kowane buhu take.

WhatsApp Business ya isa fara wannan aiki. Yana da wurin jera kaya da farashi, da alamomin da ake maƙala wa kowace hira, kamar "ya biya", "an ɗora", "ya isa". Shawara biyu a nan. Kada sabon dillali ya sayi kaya da kuɗinsa kafin ya sami mai saye, musamman albasa da ke ruɓewa kuma farashinta ke hawa da sauka. Sannan kada ya tsallake dillalan da ya tarar a kasuwa. Su ne masu masaukin wannan zamani, kuma wanda ya shigo yana neman yanke musu abinci ba zai daɗe ba.

2. Hoto da bidiyo a wuraren taro

Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, abin da ya tabbatar da zaman lafiya tsakanin Kabi da Sakkwato. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ranar da dubban masunta suka faɗa Matan Fada da homa da gora, duk wanda ke bakin ruwa yana son hoton da zai nuna cewa ya je. Ga kuma wasannin Kabanci, kokawa da dambe. A Yawuri akwai Rigata, a Zuru akwai Uhola, sannan ga hawan salla a masarautu huɗu na jihar: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru.

Mai waya mai kyamara mai kyau zai iya ɗaukar hoto, ya gyara shi a Snapseed ko Lightroom, ya tura wa mai shi nan take. Wanda ya iya CapCut zai haɗa wa ɗan kasuwa ko ƙungiya bidiyon minti ɗaya. Amma kada a gina rayuwa a kan biki ɗaya. Bikin Argungu ya taɓa yin kusan shekara goma ba a yi ba, sai a watan Maris 2020 aka dawo da shi. Abin da ke ciyar da mai hoto a kullum shi ne ɗaurin aure, suna, saukar karatu da taron makarantu. Babban biki wuri ne na haɗuwa da sababbin kwastomomi.

A nemi izini kafin a ɗauki mutum, musamman mata da yara da kuma cikin fada. Wanda ke tunanin tashin jirgi maras matuƙi mai kyamara ya sani cewa a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

3. Tashar YouTube ko shafin Facebook na tafiye-tafiye

Wannan ce hanyar da aka fi yayatawa, kuma ita ce ta fi jinkirin biya. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai tasha, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Bayan haka ma ba a fitar da kuɗin sai sun kai dala 100. Kamfanin Meta ya buɗe wa 'yan Najeriya damar samun kuɗin talla a Facebook a tsakiyar 2024, shi ma da nasa sharuɗɗan da ke canzawa lokaci zuwa lokaci. Sannan tallan da aka nuna wa mai kallo a Najeriya bai kai kuɗin wanda aka nuna wa mai kallo a Amurka ko Ingila ba.

Duk da haka akwai fili. Bidiyon Hausa mai tsari a kan garuruwan Kebbi ya yi ƙaranci: gidan tarihi na Kanta a Argungu, hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, yadda ake banda kifi, yadda ake ban ruwa a fadama da injin sola. Irin wannan bidiyo ba ya tsufa, kuma Hausawan da ke zaune a Saudiyya, Gana, Sudan ko Turai suna son ganin gida. Kuɗin da ya fi saurin shigowa ba na talla ba ne, na 'yan kasuwar garin ne da za su biya a nuna shagonsu ko kayansu. Don haka a ɗauki tashar a matsayin allon talla na sauran sana'o'in, har ta girma.

4. Tattara bayanai a ƙauyuka

Ƙungiyoyin lafiya, noma da ilimi, da kamfanonin da ke bin diddigin manoma, sukan ɗauki matasa na ɗan lokaci su shiga ƙauyuka su cike fom a waya. Manhajojin da aka fi amfani da su su ne KoboCollect da ODK Collect. Dukansu kyauta ne, kuma suna aiki ba tare da intanet ba: ana sauke fom ɗin a gari, a cike shi a ƙauye tare da hoto da alamar wurin ta GPS, sai an dawo inda ke da sabis a tura.

Wanda ya iya Hausa da Turanci, ya kuma ji Fulatanci, Zabarmanci ko Dakarci, ya fi wasu daraja a wannan aiki. Wanda ya koyi gina fom ɗin da kansa, ba cikewa kawai ba, ya hau mataki na gaba. Ana iya buɗe asusu kyauta a KoboToolbox a gwada da fom ɗin wasa, misali na farashin hatsi a kasuwanni uku. Aikin ba na kullum ba ne, kwantiragi ne na kwanaki ko makonni. Kuma bayanan mutane amana ne. Najeriya ta yi dokar kare bayanan sirri a 2023, saboda haka tura lambobi ko hotunan mutanen da aka yi wa tambayoyi zuwa wani zaure laifi ne.

Duk aikin da aka ce sai an biya kuɗin fom ko na horo kafin a ɗauki mutum, a yi masa kallon damfara.

5. Aikin nesa: fassara, zane da rubuta manhaja

Wannan ce ta fi kama da ta Turawan bakin teku. Mai aiki yana Kano, Legas ko Landan, ma'aikaci yana Argungu, intanet ya haɗa su. Hausa kanta haja ce. Tun 2013 Google ya sa ta cikin manhajarsa ta fassara, kuma yanzu kamfanoni da dama suna neman masu fassara, masu mayar da murya rubutu da masu duba ingancin Hausar da na'ura ta rubuta. Sharaɗin shi ne iya ƙa'idar rubutu: ƙ, ɗ, ɓ da 'y, da raba kalmomi daidai. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kuma wanda ke rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" ba zai ci gwajin farko ba.

Sai zanen talla da katin biki a Canva, kula da shafukan 'yan kasuwa, da gina shafin intanet. Mai koyon rubuta manhaja zai iya somawa a waya da Termux ko Acode, kodayake aikin kuɗi na gaske yana son kwamfuta ko da ta hannu ce. Git yana aiki babu intanet: mutum ya yi ta aikinsa yana adanawa, idan ya sami sabis ya tura gaba ɗaya.

Kasuwannin aiki irin su Upwork da Fiverr a buɗe suke ga 'yan Najeriya, amma gasa ta yi yawa, kuma Fiverr yana cire kashi 20 cikin ɗari na kowane ciniki. Ga mafi yawan masu farawa, kwastoman farko yana kusa: makarantar kuɗi a unguwa, mai shagon atamfa, ɗalibin Kwalejin Waziri Umaru ko na Jami'ar Tarayya da ke Kalgo mai neman a tsara masa kundin bincike. Wanda ke son horo kyauta ya sa ido a kan shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023.

Abin da ke kashe ma'aikacin nesa shi ne saɓa alkawari. Kwastoma bai damu da cewa mota ta lalace a hanyar Bunza ba. Ƙa'idar ita ce kada a yi tafiya ranar miƙa aiki, kuma a gama shi kwana ɗaya kafin wa'adi.

6. Gyaran waya da haɗa sola a kasuwannin ƙauye

A kasuwar ƙauye akwai wayoyi da yawa, masu gyara kaɗan. Ƙaramar jaka mai sukuddireba, na'urar auna wuta, bakin caji, sifika da gilashin kare fuska ta isa fara bin kasuwanni. Wani abin ma ba gyara ba ne: mayar wa mutum lambobinsa daga tsohuwar waya, buɗe masa imel, saita masa manhajar banki. Wanda ya ƙara da sanin haɗa ƙaramin sola na fitila da caji, ko duba injin ban ruwa, zai sami aiki a fadama lokacin noman rani.

A nan akwai gargaɗi biyu. Kada a karɓi wayar da aka ce a cire mata makulli alhali mai ita bai iya nuna shaidar mallaka ba. Sannan masu tunanin yawo da na'urar POS daga kasuwa zuwa kasuwa su sani cewa ƙa'ida ta canza. Sana'ar ta bunƙasa ne lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, amma a 2024 an wajabta wa wakilai rajista da hukumar CAC, a watan Agustan 2025 kuma Babban Banki ya ba da umarnin a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista ta hanyar GPS. A tambayi kamfanin da ya ba da na'urar kafin a sa ta a jaka.

Kayan da ya kamata su kasance a jaka

Wuta ce matsala ta farko. Fawa bankin da aka rubuta masa 20,000mAh ba zai cika waya mai batir 5,000mAh sau huɗu ba, domin wani kaso na wutar yana salwanta wajen sauyawa da zafi. A yi tsammanin sau biyu da rabi zuwa uku, idan na gaske ne. Wanda ya yi sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi fiye da kima, yawanci lambar da ke jikinsa ƙarya ce. Idan za a sayi faifan sola mai naɗewa, a riƙa cajin fawa banki da shi, da dare a ciyar da waya, saboda wutar rana tana hawa da sauka.

Zafi ne matsala ta biyu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, kuma batirin waya ba ya son haka. Kada a bar waya a gaban gilashin mota, kada a yi caji ana ɗaukar bidiyo a cikin rana. Lokacin hunturu ƙura ce ke toshe bakin caji, a bakin ruwa kuma leda mai zif ta isa ceton waya.

Sai sabis. A riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, domin inda ɗaya ya ɗauke wani lokaci ɗayan yana nan. Duka layukan su kasance da sunan mai su, haɗe da lambarsa ta NIN, in ba haka ba ranar da layi ya ɓace ba zai iya dawo da shi ba. Lambobin da NCC ta daidaita suna aiki a kowane layi: *310# don duba kuɗi, *323# don duba data, *312# don sayen data.

A saba da aiki babu intanet. A sauke taswirar yankin a Google Maps tun daga gida. Bidiyo mai ingancin 1080p yakan ci kusan megabayit 100 a minti ɗaya, don haka a ajiye tura manyan fayiloli sai an shiga gari, ko a yi amfani da datar dare mai rahusa. Wannan shiri ba wasa ba ne. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda tsaro, daga baya aka ƙara da wasu sassan Sakkwato, Katsina da Kaduna, aka shafe makonni babu kira babu intanet.

Na ƙarshe, kwafin komai ya kasance a wuri biyu: a katin ajiya ko filashi, da kuma Google Drive. Waya na iya faɗawa ruwa ko a zare ta a cunkoson kasuwa. Asarar waya ana mayarwa, hotunan ɗaurin auren kwastoma ba a mayarwa.

Lissafi da tsaron kuɗi

Kafin kowace tafiya a yi lissafi a rubuce. A ƙaddara, don misali kawai, la'adar buhu ɗaya naira 500 ce kuma an sami odar buhu 20, wato naira 10,000. Idan kuɗin mota zuwa da dawowa, abinci, data da ɗan alherin masu ɗora kaya sun cinye 7,000, ribar yinin 3,000 ce. Da odar buhu 10 ce, an yi asarar 2,000. Abin da wannan ke nunawa shi ne tafiya ba ta biya sai an haɗa aiki biyu ko uku a cikinta: a sayo kaya, a ɗauki bidiyon kasuwar, a gyara waya biyu kafin la'asar.

A raba asusun sana'a da na cefane. Kuɗin da mai saye ya turo na kaya ba na dillali ba ne, ko da na kwana ɗaya. Kada a yarda da hoton rasit ko saƙon alat, a buɗe manhajar banki a ga kuɗin da ido. A sa wa layin waya lambar sirri ta PIN, domin ɓarawon da ya cire layi ya sa a wata waya zai iya gwada shiga asusu ta lambobin USSD. A haddace ko a rubuta a takarda lambar toshe asusu ta bankin da ake hulɗa da shi. Masu karɓar dala daga waje sukan yi amfani da Payoneer ko Grey, kuma sunan da ke asusun dole ya yi daidai da na katin shaida.

Wanda sana'arsa ta fara kauri ya san da batun haraji. Sabuwar dokar da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025 ta yafe naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, abin da ya haura nan yana da lissafi.

Sai 'yan "zuba kuɗi ka kwanta". MMM ta daskarar da kuɗin mutane a watan Disambar 2016, CBEX ta rufe da dukiyar jama'a a watan Afrilun 2025. Salon ɗaya ne: riba mai yawa, babu haja, sai ka kawo wani. Matashin da ke neman kuɗi ta waya shi ne abincinsu na farko. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Labarin hanya

Babu ribar da ta kai rai. Sassan masarautar Zuru, musamman Danko-Wasagu, sun daɗe suna fama da 'yan bindiga. A watan Nuwamban 2024 an kai hari garin Mera a ƙaramar hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu. Aikin jagaba yanzu ya koma hannun direbobin tasha da mutanen gari, su za a tambaya kafin a hau mota. A yi tafiya da rana, a shiga mota a cikin tasha, a kunna wa wani na gida alamar wurin da ake a WhatsApp. Kada a wallafa inda ake a fili sai an bar wurin. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra 122.

Masu bin ruwa su tuna da jirgin da ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, inda mutane masu yawa suka rasu. Jirgin da ya yi lodi fiye da kima ba a hawa, kuma rigar ruwa ba ado ba ce.

Masu sha'awar ƙetarawa Gaya ta Kamba, ko shiga Binin ta Bagudo, su san cewa iyaka ba ta da tabbas. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ta Kamba ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka sake rufewa, sai a Maris 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren. A riƙe takardun shaida, a bi ta hannun kwastan, a kashe datar layin gida kafin a ƙetara don kada kuɗin yawo ya cinye katin.

Ga 'yan mata da matan aure masu sha'awar wannan fage, fassara, zane, kula da shafuka da dillancin kaya duk ana iya yin mafi yawansu daga gida, a haɗa da ɗan'uwa amintacce da zai riƙa zuwa kasuwa. A wurin biki kuwa, mace mai ɗaukar hoto tana shiga inda namiji ba ya shiga.

Yadda za a gwada ba tare da an ƙone jari ba

Ba sai an bar gida an kama hanyar Kwatano ba. Argungu, Jega, Aliero da Kalgo duk wurare ne da mutum zai je daga Birnin Kebbi ya dawo a yini guda. A zaɓi sana'a ɗaya da za ta biya kuɗin mota, da wata ɗaya da ake ginawa a hankali. A ware kuɗin gwaji da ba za su karya mutum ba idan sun tafi. A yi wata guda ana fita sau ɗaya ko biyu a mako, ana rubuta abu huɗu a littafi ko a Google Sheets: inda aka je, abin da aka kashe, abin da ya shigo, da lambar mutum ɗaya amintacce da aka samu a garin.

Ƙarshen wata a zauna a duba. Idan abin da ya shigo ya rufe abin da aka kashe, a ƙara nisa zuwa Yawuri ko Sakkwato, a fara kwana. Idan bai rufe ba, a duba wace tafiya ce ta ci kuɗi a banza, a sauke ta, a sake gwada wata guda. Lambobin da aka tara kuwa a riƙa gaishe su ko babu ciniki, domin su ne za su kira ranar da albasa ta sauko ko aka sa ranar biki.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa a fita a sa'a.